Tsaga a Sabon Gilashi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Maman yara tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi, har ta fara hawa bene ba tare da ta zagi wanda ya gina shi ba. Ni kuwa in ban da kunnen nan nawa da kika sani, babu abin da ke damuna. Shi ya sa ma na ɗauki biro, don in na kira ki a waya sai ki yi ta ihu ina ta "me kika ce?", maƙwabta su ji sirrinmu ni ban ji ba.

To, Tsohuwa ce ta ji rauni, wato motar nan tamu. Ranar Talata da safe na kwaso matan kamfanin ɗinki kamar kullum, muna bin bayan wata tifa, sai ji na yi "tas!" Ni da ba na jin komai, wannan kam na ji shi. Tsakuwa ce ta sami gilashin gaba, ƙasa-ƙasa ta hannun hagu. Da farko ɗan tabo ne kamar ƙwayar wake. Washegari da rana ta buga shi sai ya miƙe ya yi sama, yanzu tsagar ta fi tsawon tafin hannuna, kuma daidai inda nake kallo take. Mai Surutu, wadda ba ta yarda kowa ya zauna mata a kujerar gaba, cewa ta yi, "Direba, motarka ma ta fara tamoji irin naka." Duk suka kwashe da dariya, ni ma na taya su don kar a ce na ji haushi.

Manajan kamfani bai yi dariya ba. Ya kira ni ofis ya ce ƙarshen wata ake sabunta yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata, kuma ba zai sa hannu ba muddin gilashina a tsage yake. Akwai wani mai sabuwar bas da ya daɗe yana zarya a ofishinsa, da idona na gan shi. Kin dai san aikin nan shi ne rufin asirin gidan nan, kuma yayanki bai iya komai a duniya ba sai sitiyari.

Wani a bakin gareji ya ce yana da gilashi na gwanjo, kafin in gama shan shayi ya manna min. Har na kusa yarda, sai na tuna shekara da shekaru ina biyan inshora ban taɓa karɓar ko allura a wajensu ba. Ga shi kuma ina da ƙanwa a ofishin inshora, ko da kamfanin ba ɗaya ba ne. Ki faɗa min ta inda ake shiga.

Wani abin haushi kuma, kwanan nan sai in riƙa ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gilashin kamar kashin ƙuda. In goge, in sake gogewa, su ƙi fita. Ina jin tsagar ce ke tara datti.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, sai dai murar da sanyin ofis ya sa min. Ka gaishe min da Maman yara, ka ce mata ta bar magini ya huta.

Yaya, don Allah don Annabi kar ka bari mai gwanjo ya taɓa Tsohuwa. A kan teburina ake zube irin waɗannan koke-koke tun daga safe har yamma, babu dabarar da ban sani ba. Gilashin da aka manna cikin gaggawa, ruwan sama na farko zai tona masa asiri, in kuwa aka yi karo, Allah ya kiyaye, fita zai yi gaba ɗayansa.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗauki hoton tsagar ta ciki da ta waje, ka ɗauki wani da lambar motar ta fito. Ka liƙa farin salatef a kan tabon don kar ƙura ta shiga, kuma ka daina watsa masa ruwan sanyi in ya sha rana, shi ke sa tsaga gudu. Sannan ka je ofishinsu da ƙafarka, kar ka bi ta hannun dillali. Ka ce a duba maka ko inshorarka ta haɗa da gilashi. Na tabbata ta haɗa, don ni na zaɓa maka ita kana ta ƙorafi. Za su turo mai dubawa, su ba ka sunayen wuraren da suka amince da aikinsu. In an kawo sabon gilashi ka duba tambarin da ke kusurwarsa kafin a ɗora. In an ɗora kuma kar ka ja motar sai gam ya kama, ko da manaja zai yi kukan jini. Ka gaya wa matan nan su daina buga ƙofa kamar sun yi faɗa da ita.

Maganar ɗigo-ɗigo kuwa, tsohon waifa ne, abin share gilashin nan. Ka sa a canza maka robarsa tare da gilashin.

Kar ka sa damuwa a ranka game da mai sabuwar bas. Ina zai samu ido irin naka? Kai da duk ranar da na zo gida kake hango ni a tasha cikin dubban mutane tun ban sauke jakata ba, sai dai in ji an ƙwala min kira daga can bakin ƙofa, kowa ya waiwayo, kunya ta kama ni. Da sitiyarin nan ka yi min karatu, yau ka bari karatun ya yi maka rana ko da sau ɗaya ne. Ka bi abin da na faɗa daki-daki, ka bar min sauran.

Taka,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan mura ta sake ki. Mu duk lafiya, sai ɗan ciwon kai da nake yi, shi ma na zirga-zirga ne.

Na bi umarnin hajiya daki-daki. A ofishin inshora na sami wata yarinya mai kirki, da ta gane ba na ji sosai sai ta riƙa rubuta min tambayoyin a takarda tana turo min. Mai dubawa ya zo ya auna tsagar, ya ce wannan ta wuce a cike ta, sai dai a canza gaba ɗaya tunda tana gaban idon direba. Suka tura ni wurin wani mai gilashi a bayan layin masu taya.

Auta, mutumin nan ya iya aiki. Ba shi da yawan magana, wanda hakan ya yi min daidai. Da wata siririyar waya suka yanke tsohon gam, shi da abokin aikinsa, suka ɗaga gilashin suka jingine a bango. Sai da na ji wani iri, don shekara nawa ta cikinsa nake kallon duniya. Ya kankare tsatsar da ke gefen ƙarfen, ya shafa magani, ya jira ya bushe. Na ce a nuna min tambari kamar yadda kika ce. Ya yi murmushi ya ce, "Malam direba, wa ya koya maka?" Na ce ƙanwata, babba ce a inshora. Kar ki ji haushi na ƙara miki muƙami. Motar ta kwana a wurinsa, da safe na karɓe ta da sabon waifa. Matan suka yi ta tafi, Mai Surutu ta ce Tsohuwa ta koma amarya, saura angon a canza shi.

To ga inda maganar take. Muna hawa babban titi, rana na fitowa, sai ga layin tsagar nan a gabana. Ta hannun hagu dai, kusan inda yake a da, sai dai ya fi na da siranta, kuma ya ɗan lanƙwasa. Na ce ko inuwar waifa ce. Na tsaya a gefe na fita na bi wurin da farce, sumul, babu ko kurji. Na koma na zauna, ga shi nan. Na ce wa Mai Surutu, "Kina ganin layin nan?" Ta leƙa ta ce ita ba ta ga komai ba sai titi. Amma ita ba direba ba ce, kuma daga gefe take kallo. Kashin ƙudan ma yana nan, har ya ƙaru.

Ban faɗa wa manaja ba. Ya ga sabon gilashi ya ce madalla, in kawo takardar aikin a sa hannu. Ni dai raina bai kwanta ba.

Yanayin garin nan ma ya rikice. Jiya da magariba na yi ta ganin walƙiya ta gefen hagu, na sa Maman yara ta kwashe shanya a guje da ƙafar nan tata, ruwa kuwa ko ɗigo bai zo ba. Har yanzu ba ta yafe min ba.

Me kike gani game da layin nan?

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na warke sarai. Allah ya sawwaƙe ciwon kai.

Wallahi da na karanta takardarka sai da na miƙe tsaye a ofis. An cuce ka, Yaya! Na san wannan aikin kamar yunwar cikina. Gilashin gaba falle biyu ne da leda a tsakani. In jabu ne, ledar takan tattare a ciki, sai ka ga layi amma farce ba zai ji komai ba, kuma wanda ke zaune a gefe ba lallai ya gani ba. Tambarin ma bugawa suke yi. Su karɓi kuɗin mai kyau a hannun inshora, su manna wa bawan Allah na banza, musamman in suka ga mutum mai haƙuri irinka. Murmushin da ya yi maka ma na rainin wayo ne.

Na riga na rubuta ƙorafi da sunanka na aika wa sashen da ya dace a kamfanin naku, da kalmomin da na san suna tayar musu da hankali. Kai dai kar ka sa hannu a wata takarda da ta ce ka gamsu da aiki. Kar ka koma wurinsa kai kaɗai, kar ka je ko'ina, ka zauna ka jira su zo su same ka. Jira shi ne makaminmu yanzu.

Sannan Yaya, me ya sami rubutunka? Kai da malamai ke nuna littafinka a aji. Layukanka duk sun gangara ƙasa ta gefe guda kamar motar da birki ya tsinke mata. Ka daina rubuta min wasiƙa a kan sitiyari, akwai tebur a gida.

An tura ni zagayen rassanmu, zan yi 'yan makonni ba na nan. Duk abin da ka aiko zai jira ni a ofis. Ka kwantar da hankalinka, magana tana hannuna.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kin je lafiya. Mu muna nan.

A kan tebur nake rubutun nan, don kar ki ce.

Sun zo. Mai dubawa ya zo da wani babbansu, aka kira mai gilashi. Suka fito da motar fili, suka haska fitila ta ciki da ta waje, suka duba tambari suka kira inda aka saro shi. Mai gilashi ya shiga ya zauna a kujerata, ya sunkuya, ya ɗaga, ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya fito ya ce, "Malam direba, na rantse da Allah ban ga komai ba. In akwai, nuna min da yatsa, yanzu in cire shi." Na ɗora yatsa a wurin, sai layin ya matsa. Na bi shi, ya sake matsawa. Suka kalli juna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, Auta, sai ka ce na zo yin damfara.

Babban nasu ya ce tunda ƙorafi ya shiga a rubuce, dole a bincika, kuma sun dakatar da tura wa mai gilashi aiki har a gama. Mutumin ya tattara kayansa ya tafi. Manaja ma labari ya kai masa, ya ce ba zai sa hannu ba sai an rufe maganar gilashi. Ya bar ni in ci gaba da ɗaukar mata kafin nan. Mai sabuwar bas yanzu har gaishe ni yake yi.

Yanzu kuma wani duhu-duhu ne ke tasowa daga gefe, kamar an fara jan labule. Da safe yakan ɗan ja baya, kafin yamma ya dawo ya fi na jiya. Abin ya zauna min a rai har a ɗaki nake ganinsa, a jikin bango, a fuskar Maman yara.

Kin ce in jira, ina jira. Amma ki rubuto da wuri.

Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ka yafe min, zagayen ya ja fiye da yadda aka ce, na dawo na tarar da takardarka a ƙarƙashin tulin fayil. A tsaye na karanta ta, a tsaye nake ba ka amsa don mai kai saƙo yana jira.

Albishirinka! Na yi magana da wata da muka yi karatu tare, tana can kamfanin naku. Sun yarda za a cire gilashin a sa maka wani sabo fil a wani wurin daban, ba tare da ka ƙara komai ba. Ba na ce ka bar min ba? Kar rantsuwar mai gilashi ta dame ka, a gabana an sha rantsuwar da ta fi wannan. Duhun gefen nan ma wata alama ce, ledar ce ke ci gaba da saki.

Ganinsa a ɗaki kuwa damuwa ce kawai, ka sa abin a ranka da yawa. Ni ma in na wuni kan lambobi har a mafarki nake ganinsu. Ka sha maganin ciwon kai ka samu barci. Da zarar an sa sabon ka kai wa manaja takarda, ka ga yadda mai sabuwar bas zai daina gaisuwa.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ni ce, Maman yara. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri da shi. Yara lafiya, ni ma lafiya. Yayanki ne ba lafiya, yana asibiti, amma da sauƙi, kar ki tayar da hankali fiye da kima.

Ranar Alhamis yana ɗauke da mata, a mararrabar da ke gaban gidan mai, wani mai tura baro ya fito ta hannun hagu. Kowa a motar ya gan shi ban da Yayanki. Ihun matan ne ya sa ya taka birki, kin ga kuwa irin ihun da zai shiga kunnensa. Baron kawai ya taɓa, kaya suka zube, mutumin ko ƙwarzane bai yi ba. Yayanki ya fita ya tattara masa kayan da hannunsa yana ba shi haƙuri. Ya kai matan aiki a hankali, ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba.

Ya shiga wanke fuska, sabulu ya shigar masa idon dama, ya runtse shi. Sai ji na yi ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Na same shi tsaye, hannu ɗaya a kan ido. Ya ce, "Tsaya a gabana." Na tsaya. Ya ce, "Rabinki babu." Ya sauya hannu ya rufe na hagu, ya kalli bango, ya kalle ni. Ya ce, "Babu layi. Babu labule. Ashe ba gilashi ba ne." Ya zauna a bakin baho da kumfa a fuskarsa.

Likitan ido ya ce akwai wani siririn abu a can bayan ido inda gani ke sauka, shi ne ya yage sannan ya ɓanɓare. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ko walƙiya ba hadari. Yayanki ya ce duka. Likitan ya tambayi tun yaushe, da ya ji amsa sai ya ajiye biro. Ya ce da tun lokacin walƙiyar aka zo, aikin ɗan kaɗan ne. An dai yi masa aiki washegari, yana kwance rub da ciki kamar yadda suka ce, ba a yarda ya ɗaga kai ba. Ba su ba mu fata sosai a kan idon hagun ba. A na damar ma sun ga wani wuri mai rauni, sun ƙona shi da haske don kar ya bi ɗan'uwansa.

Takardarki ta albishir a asibiti ta same mu. Ya ce in karanta masa, na kai bakina kunnensa na karanta. Da na zo inda kika ce ya sha magani ya yi barci, sai ya yi dariya har gadon ya motsa, daga baya na ga matashin ya jiƙe.

Ba zan ɓoye miki ba, Auta, na ji haushinki. Amma na fi jin haushin kaina. Ni ce na kwashe shanya ina masifa, ga sama tas, ban ce masa wace walƙiya ba. Ni ce na gan shi yana zuba shayi a gefen kofi na ce tsufa ne.

Ya hana a kira ki, ya ce kina tsakiyar aiki. Ni na ga bai kamata ki zauna ba ki sani ba.

Matar Yayanki

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ya jiki? Allah ya ba ka lafiya, Allah ya tsare wanda ya rage.

Na fito da wasiƙunka duka na shimfiɗa a kan gado na sake karantawa, a zaune wannan karon. Komai yana ciki, Yaya. Ɗigon da ya ƙi goguwa. Walƙiyar da ba ruwa. Layin da ya gudu daga yatsanka. Ka rubuta min da hannunka cewa har a fuskar Maman yara kake ganinsa. Wane gilashin mota ne a fuskar mutum? Yaron firamare ma zai tsaya a nan ya yi tambaya. Ni kuwa na ga ƙorafi, na ga fayil, na ga wurin da zan nuna maka na iya. Rubutunka ya karkace ina yi maka tsiya. Ka ce ranka bai kwanta ba, na ce kar ka je ko'ina. Ka zauna kana jira saboda ni na ce, kai da ba ka taɓa jiran kowa ba.

Ban yi barcin kirki ba tun da takardar ta zo. A ofis in aka ajiye min fayil ɗin gilashi sai in tura shi gefe. Ina kuka nake rubutun nan, ba na jin kunyar faɗa.

Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai riƙe teburina ya dawo. Ina zuwa ko sun ba ni ko ba su ba ni ba. Ka faɗa min abin da zan yi. Ni na daina faɗa maka.

Ka yafe min.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. An sallame ni, ina gida. Jiki da sauƙi. Kin ga rubutun manya-manya, shafi ya cika da wuri, haka za ki riƙa haƙuri da shi.

Idon hagu ya tafi. Haske da duhu kawai yake rarrabewa. Na dama yana nan, likita ya ce in riƙa zuwa ana duba shi. Na tambaye shi maganar tuƙi, ya ce ba zai sa hannu a takardar ɗaukar fasinja ba. Ban roƙe shi ba. Ko ya sa, ni ba zan sake ɗaukar 'ya'yan mutane ba bayan mai baron nan.

Ki share hawayenki. Idon nawa ne, a kaina yake, ni ya kamata in rufe ɗaya in buɗe ɗaya tun ranar farko. Direba ne ni, in na ga abu a gabana mota nake zargi. Ke kuma kamfani kike zargi. Kowa ya duba inda ya saba dubawa. Ba zan ce miki ban ji ciwo ba, na ji, har yanzu ina ji. Da asuba nakan farka in laluba makulli, sai in tuna. Amma ban riƙe ki da komai ba, ko a zuci.

Kin ce in faɗa miki abin da za ki yi. Abu ɗaya ne. Ki rubuta wa kamfanin ki janye ƙorafin, da kalmomin nan naki masu tayar da hankali, ki ce aikin mutumin ba shi da aibi. Sun aiko wai in kai mota a sa gilashi na biyu, na ce a bar shi. Maman yara ta raka ni wurin mai gilashi. Na ba shi haƙuri a gaban abokin aikinsa. Ya kalli bandejin ya ce, "Malam direba, da ma a ce gilashin ne." Ya kawo min kujera, muka zauna tare.

Manaja ya sa hannu da mai sabuwar bas. Yaron ba laifi, shi ya zo har gida ya ce in raka shi ranar farko in nuna masa inda kowacce ke tsayawa. Na je. Mai Surutu ta tashi daga kujerar gaba da kanta ta ce in zauna, kuma har muka isa ba ta ce komai ba. Wannan ya fi komai taɓa ni.

Tsohuwa tana ƙofar gida, an fara zuwa tayawa. Kullum da safe ina wanke mata gilashi, sabo ya hana ni bari. Jiya na shiga na zauna a kujerata na rufe idon hagu da hannu. Auta, gilashin nan tas yake, ban taɓa tuƙi da mai kyansa ba.

Ki rubuto ranar da za ki iso, ki kuma ƙara girman rubutunki. Zan zo tasha, amma da ƙafa, ni da Maman yara. Kar ki tsaya jiran in ƙwala miki kira. Zan tsaya a bakin ƙofa inda na saba, ke ki nemo ni. In kin hango ni, ki zagayo ta hannun damana.

Yayanki